Hannun da Ya Saka Mayafin

Sai da aka yi wata bakwai da guguwar da ta ɗauke kwanon rufin gidansu sannan Ermine ta tuna da durowar ƙasa. A lokacin babu abin da ba ta shanya ba: katifu, hotunan aure, takardun fili, har littafin addu'ar marigayi babanta ta baza a baranda shafi-shafi. Durowar ƙasa ta kabad ɗin mahaifiyarta ce kawai ta sha ruwa ta kumbura ta ƙi buɗuwa, sai ta ce gobe. Kuma da 'yarta Shervonne ba ta bugo waya daga Brooklyn ta Amurka ba, da ƙila har yau goben ba ta zo ba.

"Mami, mun yanki tikiti. Saura sati biyar. A cocinmu na gida za a yi wa jaririyata Kezia baftisma, tunda Kaka ba ta iya hawa jirgi. Ki fito da mayafin ya sha iska."

Ermine ta sa bakin adda ta ɓanɓare durowar. Tun kafin idonta ya gani, wari ya gaya mata.

Duk wanda ya girma a wannan tudu na saman garin Sauteurs ya san mayafin nan. Mahaifiyar Ermine, wadda kowa ke kira Ma Philo, ita ta saka shi da kwarashi shekara sittin da ɗaya da suka wuce, tana ɗauke da cikin fari. Farin zare ne siriri, an faro daga tsakiya ana zagayawa, ganyen mangwaro bayan ganyen mangwaro, kowane ganye da jijiyarsa a tsakiya, ta taso ta ɗan karkata. Yara ashirin da uku aka kai coci a cikinsa. Kuma ba a naɗe ake kawo shi ba. Safiyar baftisma, babbar mace a gidan takan zauna a shimfiɗa mata shi a cinya a buɗe, ta duba shi kusurwa zuwa kusurwa, sannan a ɗora jariri ta rufe shi da kanta. Yanzu ga shi a hannun Ermine da rami kamar faɗin faranti, bakin ramin baƙi ƙirin, ko'ina ta taɓa sai zare ya marmashe ya ƙara buɗewa.

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, a hankali, don kada tsohuwa ta ji daga baranda.

Ma Philo tana da shekara tamanin da uku. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakin kuwa lafiya lau, shi wannan ciwo bai ga wurin kama shi ba. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne duk abin da ke hagunta babu shi a duniyarta. Takan cinye rabin faranti ta ce an yi mata rowa, sai an juya mata ɗaya rabin. Wanda ya tsaya a hagunta ya gaishe ta, sai ta amsa wa bango na dama.

Ermine ba ta gaya mata ba. Ni dai ban ga laifinta ba, ko da yake akwai masu gani. Ta wanke fuska, ta ɗauko kwarashinta da ƙunshin zare, ta jawo kujera ta zauna a daman tsohuwa.

"Ma, ina so ki koya mini ganyen mangwaro."

Ma Philo ta dube ta sama da ƙasa. "Yau? Kina da shekara hamsin da takwas? Lokacin da nake da hannu, in na ɗauko zare sai ki haye bishiya kamar biri."

"Ai ke ma in an yi kuskure da kwarashin kike ƙwanƙwasa yatsu."

"Kin mutu? Yayarki ta mutu? Zauna daidai. Sarƙa bakwai."

Gaskiya ne Ermine ta guje wa saka tana yarinya. Sai da ta bar aikin dafa abinci a makarantar firamare ta dawo jinyar uwa, zaman ya yi mata yawa, sannan ta koya a waya, daga wata Ba'amurkiya mai dogayen farata da ke cewa kowa "masoyina". Ta iya huluna, ta iya abin sauke tukunya, ta taɓa yin bargo guda. Tana ganin hannunta ya isa toshe rami.

Tsohuwa ta lumshe ido tana karantowa daga ka, babu gargada, kamar mai addu'a. Sarƙa kaza, ƙulli mai-uku huɗu a wuri ɗaya, mai-biyu ɗaya, juya. Ermine tana rubutawa tana sakawa. Kafin la'asar ganye ya fito, dogo zalalo, ya ninka na mayafin kusan biyu. Ta ɗaga shi a daman tsohuwa.

"Wannan ganyen ayaba ne," in ji Ma Philo. "Ko harshen kare. Zaɓi ɗaya."

Da yamma Ermine ta kira yayarta Yolande, wadda ta tafi Huddersfield ta Ingila aikin jinya tana da shekara sha tara, ta tsufa a can. Ta nuna mata harshen karen a waya. Yolande ta yi dariya har ta shaƙe.

"Ke dai Ermine kin shiga uku. Wa ya koya miki saka, ba 'yan Amurka ba? Ma kuma wata Sista ce 'yar Ingila, malamar makarantar coci, ta koya mata. Ba baki ɗaya kuke yi ba. Abin da Ma ke kira mai-biyu, shi mutanenki ke kira mai-ɗaya. Mai-ukunta shi ne mai-biyunku. Duk abin da ta faɗa, ki rage ɗaya."

"To don me? Zare ɗaya, kwarashi ɗaya."

"Ki tambaye su. Mutanen nan a hawan bene suna rage ɗaya, a saka suna ƙara ɗaya, shekara arba'in da biyu ina cikinsu ban gane ba. Wai me ya tashi da ke ma, da tsufanki?"

Ermine ta juya wayar ta nuna mata ramin. Dariyar Yolande ta ɗauke ɗif.

"Ma ta gani?"

"A'a."

"Yesu mai ceto. Ermine, ni ban taɓa wuce shimfiɗar tebur ba, ganyen nan ko kusa da shi ba ta bari mu je. Ga yatsuna yanzu, ko maɓalli ba sa sawa."

Suka zana layi biyu a bayan kalanda, Ingila a nan, Amurka a can, kowane ƙulli da abokinsa. Ermine ta kwanta da sauƙin zuciya, tana cewa ashe iyakarta ke nan. Washegari ta sake ganyen, tana rage ɗaya a duk abin da tsohuwa ta faɗa, ya fito daidai tsawo, daidai faɗi. Ta kai shi ɗaki ta ɗora a kan na mayafin, baki ya hau baki. Amma nata a kwance yake shafal. Babu jijiya. Na Ma Philo in ka shafa sai ka ji tudu siriri yana bin tsakiyar ganyen, kowane ƙulli ya jingina da na gabansa. Nata kuwa ramuka ne a jere, masu tsabta, babu rai.

Ta ɗauka ƙidaya ta ɓace mata. Ta sa tabarau biyu, nata da na marigayi babanta, ta ƙirga ƙullin mayafin ɗaya-ɗaya da bakin allura. Lissafi bai ɓace ba ko sau ɗaya. Abin da tsohuwa ta faɗa shi ne a wurin, kuma shi ta yi, amma ba shi ya fito ba.

Sati biyu suka tafi a haka. Yolande ta kai hoton wa matan da suke haɗuwa saka a ɗakin karatu ranar Laraba, Turawa tsofaffi masu ji da kansu, suka ba ta sunaye uku. Shervonne ta sa hoton a intanet, 'yan Amurka suka ba ta biyar, wata ma ta ce da inji aka yi. Biyu daga cikin sunayen, da aka duba bayan kalanda, ashe abu ɗaya ne. Ermine ta gwada duka. Ganye tara ta maƙala a labulen ɗakinta da fil, kowanne da jijiya irin tasa, wata kamar igiya, wata kamar ƙashin kifi, babu ta Ma Philo. Kowa ya san sunan abin, babu wanda ya iya shi, kuma hakan ya fi ba ta haushi a kan a ce mata ba a sani ba.

"Mami, ki daina wahalar da kanki," in ji Shervonne. "A naɗe ramin ta ciki kawai."

"Ke kin taɓa ganin kakarki ta karɓi mayafin nan a naɗe?"

Shervonne ta bar maganar, don ita ma an ba ta labarin tata baftismar, yadda aka makara coci saboda Ma Philo ta ga zare ɗaya ya fito.

Ranar Lahadi bayan coci Tanti Octavia ta biyo, kamar yadda take yi kowane mako. Tare suka yi makarantar Sistoci da Ma Philo, benci ɗaya, kuma tun daga lokacin ba su daina faɗa ba. Bayan ta gama tsokanar ƙawarta a baranda, Ermine ta yafito ta kicin, inda tukunyar oyildaun, dafa-dukan ƙasar, ke tafasa, madarar kwakwa tana ƙamshi. Ta fito da mayafin da ganyayenta tara ta jera a tebur.

Tanti Octavia ta daɗe tana kallon ramin. Ba ta yi faɗa ba, kuma Ermine ta so a ce ta yi.

"'Yata, ba za ki same shi a bakinta ba. Bakinta bai sani ba."

"Kamar yaya, Tanti? Ƙulli-ƙulli ta karanto mini."

"Ta karanto miki abin da Sista ta karanto mata. Ke ba ki san uwarki bahaguwa ba ce?"

Ermine ta ajiye ludayi. Shekara hamsin da takwas tana ganin matar nan tana rubutu da dama, tana yanka da dama, tana mari da dama.

"Ai sun gyara ta," in ji Tanti Octavia. "A ajin rubutu Sista takan ɗaure mata hagun a bayan benci da ɗamarar riga. In ya kuɓuce, rula. Har ta kai in ta ga hannun ya miƙa zai ɗauki abu, ita da kanta take buge shi. Amma a ajin saka ba a iya ɗaure shi, tunda shi ke riƙe zare. Nan kaɗai ake sakinsa, awa ɗaya ranar Alhamis. To sai dama ta riƙe kwarashi a tsaye ƙiƙam don Sista ta gani, shi kuwa hagun yana ƙasa yana abinsa. Shi ke kai zaren, shi ke juya aikin. Mu duk kwarashinmu ke rawa, nata zaren ke rawa."

"Me yake yi, Tanti? Daidai me yake yi?"

"Babban yatsan nan yana wani abu. Kamar yana turawa, ko yana murzawa."

"Kafin a jawo zaren ko bayan an jawo?"

Tsohuwar ta ɗaga nata hannun ta motsa yatsa a iska, ta sake motsawa, ta girgiza kai. "Shekara saba'in ina zaune kusa da ita. Wallahi ban kalla ba. Wa ke kallon hannun da ke riƙe zare? Kwarashi ake kallo."

Da Tanti ta tafi, Ermine ta koma baranda. Ta sa wa Ma Philo kwarashi a dama, tsohuwa ta riƙe shi tsaf kamar jiya ta ajiye. Sannan ta zagaya ta ɗago hannun hagun daga kan matashi, mai nauyi, yatsu a lanƙwashe, ta buɗe su ɗaya-ɗaya ta ratsa zaren a tsakaninsu, ta kawo hannun tsakiyar cinya inda idon tsohuwa zai kai.

"Hannun wa kika ɗora mini?" in ji Ma Philo. "Ɗauke shi, sanyi gare shi."

"Naki ne, Ma."

"Nawa ga shi nan." Ta kaɗa kwarashin. "Kullum sai na gaya miki wani yana barin hannunsa a gadona, ba kya ji."

"Ma, Tanti Octavia ta ce da hagu kike saka."

"Octavia maƙaryaciya ce tun tana fitsarin kwance. Ni yadda Sista ta koya haka nake yi. Ni ce ta ɗaya a aji, ita kuwa ko sarƙa ba ta iya miƙewa. Bahaguwa! A gidan wa?"

"To ki gwada, Ma. Ƙulli ɗaya kawai. Ni zan riƙe aikin."

Damar ta soka kwarashin a inda ya kamata, ta tsaya tana jira a kawo mata zare, kamar yadda ta saba tun tana 'yar shekara tara. Ermine ta zuba wa babban yatsan hagun ido. Ta roƙi Allah a ranta ya motsa ko da na ƙiftawar ido ne, ta ce ba za ta ƙara roƙon komai ba bana. Kaji suna tono a ƙarƙashin baranda, wata bas ta wuce a ƙasa tana kiɗa. Yatsan yana nan yadda ta ajiye shi.

"Me muke jira?" in ji Ma Philo.

"Babu komai, Ma."

Ta zare zaren, ta mayar da hannun kan matashinsa, ta gyara masa yatsu. Ba ta taɓa jin rashin dabara irin na ranar ba. Ga hannun da ya san aikin a gabanta, tana wanke shi kowace safiya tana shafa masa man kwakwa, kuma babu ta inda za a tambaye shi.

Ta gwada da kanta. Ta tsayar da kwarashi ta ce wa hagunta ya yi aikin, hagun ya yi mata wauta. Ta naɗo zaren ta ƙasa maimakon ta sama, ƙullin ya fito a harɗe, ta yi tsalle, sai ta ɗora a kan mayafin ta ga nata ya jingina gabas, na tsohuwa yamma. Ta tura da yatsa, ta murza da yatsa, kafin jawowa da bayan jawowa. Ganyayen labule suka kai sha bakwai. Saura kwana goma sha ɗaya.

Sai wata shawara ta zo mata, irin wadda ke zuwa wa mutum in ya gaji. Sakar kwarashi daga inda aka gama take warwarewa. In ta samo bakin zaren ƙarshe ta ja a hankali, ƙulli-ƙulli, za ta ga hanyar da zaren ya bi, sai ta bi ta da baya.

"Kada ki kuskura," in ji Yolande. "Ermine, kina ji na? Rami ɗaya bai ishe ki ba?"

"Ganye ɗaya kawai. Na baki. In na gane, na mayar da shi, na toshe ramin, kuma ba zai ƙara ɓace mana ba."

"In ba ki gane ba fa?"

"To ke zo ki yi. Kina can kina shan shayi da Turawa kina ba da oda."

"Ni na bar durowa wata bakwai?"

Ermine ta kashe wayar. Maganar ta yi zafi saboda gaskiya ce.

Da safe, bayan ta yi wa tsohuwa wanka ta kunna mata rediyo, ta share teburin kicin ta jawo shi bakin taga inda haske yake. Ta jingina waya da kwalbar sukari tana ɗauka. Ta fi rabin awa tana neman bakin zaren, don Ma Philo ta ɓoye shi yadda ko ɓera ba zai samu ba. Ta same shi a ƙarƙashin ganyen kusurwa. Ta tsinko shi da allura, ta ja.

Ƙulli na farko ya fita, ɓut. Kafin ta ja yana nan a rufe, da ta ja babu shi. Tsakanin biyun babu abin da ido zai kama. Ta ja na biyu a hankali, a hankali, tana riƙe numfashi, zaren ya tsinke a hannunta. Ta nemo bakin, ta ci gaba. Wani lokaci takan ga kamar madaukin ya juya rabin juyi kafin ya kuɓuce, ta ɗauki kwarashi da sauri ta gwada, ba shi ba. Ganyen ya ƙare. Ta duba abin da waya ta ɗauka: yatsunta ne manya-manya sun cika hoton, farin abu yana motsi a bayansu.

Ta ce ɗaya bai isa ba, yanzu ne ma idonta ya fara sabawa. Ta warware na biyu. A na uku ta tabbata ta gani, har ta ce "Yawwa!" da ƙarfi, tsohuwa ta tambaya daga baranda wa ya zo. A na huɗu ta gane ba ta ga komai ba. Wanda bai taɓa shiga irin wannan ba zai ce don me ba ta tsaya ba, amma kowane ganye da ya tafi sai ya zama dalilin warware na gaba, don kada na bayan ya tafi a banza. Ƙararrawar coci ta buga sha biyu, ita ta dawo da ita hayyacinta. Ganye shida babu su. A gabanta ga tarin guntayen zare a lanƙwashe, ba mai tsawon taki, ko ɗinkin maɓalli ba za su yi ba.

Ta daɗe a zaune. Sannan ta tattara guntayen ta zuba a ambulan, ba don ta san amfaninsu ba, sai don ta kasa kai su kwandon shara. Ta tashi ta ɗora abincin rana, tunda tsohuwa ba ta san an yi komai ba kuma yunwa ba ta jira.

Ba ta kira Yolande ba sai bayan kwana biyu. Da ta nuna mata, yayar ba ta ce na gaya miki ba. Ta ce, "Ki jiƙa sabon zaren a ruwan shayi, mara ƙarfi, ya ɗauko launin tsohon." 

Haka ta yi. Ta yanke ruɓaɓɓen bakin ramin, ta kama kowane madauki da allura kada ya gudu, ta cike da nata ganyen, na farko, shafaffe, wanda aka yi da lissafin bayan kalanda. Goma sha ɗaya a rami, shida a baki. Aikin ya yi tsabta, wannan ba a ƙwace mata ba. Amma daga ƙofar ɗaki ma ana ganin inda tudu ya ƙare, kwance ya fara. Ta gama ana gobe Shervonne za ta sauka.

Safiyar baftisma gidan ya cika. An sa wa Ma Philo farar rigarta da hular coci, an zaunar da ita a tsakiyar falo. Tanti Octavia tana gefe da jakarta a cinya. Shervonne tana riƙe da jaririya a hannu ɗaya, waya a ɗaya, fuskar Yolande a ciki. Duk wanda ke ɗakin ya sani, ban da mai mayafin.

Ermine ta shimfiɗa shi a cinyar uwarta, ta karkatar da gyaran can hagu. Bai yi amfani ba. Ma Philo ba da ido kawai take duba ba, jawo shi take ta cikin yatsun damarta, taki bayan taki, har ya zagayo. Ermine tana tsaye tana kallon nata ganyayen suna matsowa.

Yatsun suka iso wurin, suka tsaya. Suka koma baya, suka dawo. Tsohuwa ta ɗaga wurin kusa da fuskarta.

"Wa ya yi nan?"

"Ni ce, Ma. Ruwa ne ya shiga, lokacin guguwa. Na yi ta..."

"Ke?" Ta sake shafawa. "Ermine, ke kika yi wannan da hannunki?"

"Ni ce."

"To wannan ita ce saka." Ta juya wajen dama inda mutane suka fi yawa. "Ku zo ku gani. A kwance, a miƙe, kowane ƙulli a tsaye kan ɗan'uwansa. Haka Sista ta koya, ko ita ba za ta fi haka ba. Octavia, zo ki ga abin da kika kasa shekara saba'in."

Tun da aka haife ta, Ermine ba ta taɓa jin uwarta ta yabi aikin hannunta ba. Ta sha zaton in ranar ta zo za ta yi murna.

Yatsun suka bar gyaran suka koma kan tsofaffin ganyayen, suna bin jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Fuskar Ma Philo ta ɗaure.

"Wannan kuma wace mai karkataccen hannu ce ta ɓata sauran? Dubi nan. Dubi nan ma. Kowane ƙulli a murɗe, tun daga tsakiya. Da a ajinmu ne, da ta sha rula har ta kasa cin abinci."

"Philo," in ji Tanti Octavia. "Philo, ke..."

"Ke yi mini shiru, ba da ke nake ba. Ermine!"

"Na'am, Ma."

"Yau dai an makara, a tafi da shi haka. Amma in an dawo coci ki warware shi duka, ki sake shi irin naki, tunda Allah ya sa kin iya. Ba za a ci gaba da kai 'ya'yana gaban Ubangiji a cikin kuskuren wata ba. Kin ji ni?"

A cikin waya Yolande ta rufe bakinta da hannu. Shervonne tana kallon uwarta, kowa yana kallonta, ana jira ta faɗi abin da za a faɗa. 

"Na ji, Ma," ta ce.

"To miƙo mini yarinyar."